Shagon askin da ake kai wa mutum wuta kunne a Birnin Kebbi

A Birnin Kebbi yanzu akwai wurin da za ka shiga da ƙafarka, a kunna wuta a kai maka ita kunne, ka biya kuɗi, har ka yi godiya. Shagon aski ne a wajen Gesse, tsakanin wani mai gyaran waya da wani kemis. Ba shi da wani babban allo. Hoton wani farin mutum mai saje aka manna a gilashin ƙofa, a ƙasa aka rubuta "Askin Turkiyya". Samarin layinmu sun daɗe suna damuna da labarinsa, don sun san sana'ata ta labule da kafet takan kai ni Istanbul, wai in je in duba musu ko da gaske ne ko kuwa dabarar cin kuɗin mutane ce kawai.

Mai shagon saurayi ne, ba zai wuce shekara talatin ba. Karatu ya kai shi Turkiyya, da rayuwa ta yi tsada sai ya nemi abin yi a wani shagon aski a Aksaray, unguwar da baƙar fata da Larabawa suke da yawa a Istanbul. Ya ce da shara ya fara, da wankin tawul da ɗauko shayi, sai da ya jima kafin maigidan ya bar shi ya taɓa kan mutum. Wannan na yarda da shi tun kafin ya taɓa nawa, domin haka tsarinsu yake, yaro ya shiga yana ɗan koyo, ya zama mataimaki, sannan a kira shi gwani. Daga yadda ya yafa tawul a kafaɗa ma na san ya zauna a hannunsu.

Kujeru uku ne a ciki. Kowace da madubinta, a ƙarƙashin madubin kuma akwai kwamin wanke kai da famfo, wanda shi ne abu na farko da ya bambanta wurin da sauran shagunan garin nan. Wuta ta sola ce da batir, saboda haka babu ƙarar janareta, babu kuma zancen a ɗauke wuta a bar ka da rabin kai. Tsafta ba laifi. A gabanka yake ɓare sabuwar reza, ya karya ta biyu, ya sa rabi a askarsa, in ya gama ya jefa a wani gwangwani. Kilifa kuma yana goge bakinta da sifirit tsakanin mutum da mutum. Na sa ido sosai a kan wannan, don duk wani ado na shagon aski in babu shi banza ne.

Sai mutum ya ɗan zauna a Istanbul zai gane cewa namijin Baturke ba ya wasa da kansa. Kowane lungu da shagon aski, wani wurin biyu suna kallon juna, kuma duk a cike. Mu nan in namiji ya daɗe a gaban madubi sai a fara tambayar ko lafiya. Su kuwa ƙato mai gashin baki, direban babbar mota, zai miƙe a kujera a shafe masa fuska da wata laka kore ko baƙa, a bar shi ta bushe yana danna waya, ko a jikinsa. Akwai wani ɗan dako a Laleli, unguwar 'yan kasuwa a Istanbul, da ya ɗauko mini dilolin labule a bayansa da safe, mutumin da in ka ga damtsensa za ka matsa gefe. Da yamma na wuce ta wani shago na hango shi ana tsige masa gashin kumatu da zare, ya lumshe ido yana jin daɗinsa.

Ni a nawa ra'ayin, rashin hula ne ya jawo musu wannan wahala. A 1925 gwamnatin Mustafa Kemal Ataturk ta yi dokar da ta hana sanya jar dara, ta ce a koma malafar Turawa. Malafar ma daga baya aka yar da ita, kai ya zauna a fili. Wanda kuwa kansa yake waje kullum dole ya yi masa hidima. Mu Allah ya rufa mana asiri da zanna da kube. Akwai maƙwabtana a kasuwa da muka yi shekara da shekaru muna cin tuwo kwano ɗaya, ban san suna da sanƙo ba sai da muka haɗu a Umra aka ɗaura harami. Can Turkiyya sanƙo ya zama kasuwa. Istanbul na cikin manyan wuraren dashen gashi na duniya, kuma ba sai an gaya maka ba, a sabon filin jirginsu da aka buɗe a 2018 za ka ga shaida. Maza ne rututu, Larabawa da Turawa da Indiyawa, kowa ya ɗaure goshi da baƙin ƙyalle, ƙeya a naɗe da bandeji, tsakiyar kai ta yi ja da ɗigo-ɗigon jini. Wanda bai sani ba zai ɗauka motarsu ce ta kife a hanyar zuwa. A cikin jirgi ma ba sa jingina, a miƙe suke zaune har a sauka, kada matashin kujera ya goge musu abin da suka kashe dala a kai.

Da na cire hulata mai shagon ya duba filin da ke tsakiyar kaina, ya yi shiru na ladabi, sannan ya ce, "Baba, a rage gefe ne ko a kwashe duka?" Na ce a rage. Ya ce ko a ɗan shafa baƙi a furfurar. Na ce ya bar mini kayana, ba sata na yi ba.

Askin kansa, in faɗi gaskiya, bai fi na kowa ba. Gwanintar Baturke a almakashi da mataji take, gashinsu mai laushi ne mai kwanciya, namu kuwa kilifa ce maganinsa, kuma yaran da ke aski a bakin babbar kasuwa sun iya kilifa ba ƙarya. Wanda aski kawai ya kawo shi, kuma yana sauri, ya tsaya inda ya saba.

Daga gyaran fuska ne labari yake canzawa. Zai kwantar da kujera, ya ɗauko tawul daga wata tukunya mai tururi, ya fifita shi kaɗan, ya naɗe maka fuska ya bar hanci kawai. Bayan an ɗauke sai ya kaɗa sabulu da buroshi a wani ɗan kwano har kumfa ta tashi, ya bi kumatu da wuya yana murzawa, ba gaggawa. Ni mai gemu ne, don haka layin kumatu da ƙasan wuya kawai ya gyara, amma hannunsa ko kaɗan ba ya rawa. Da yatsa biyu yake ja fata ta miƙe, aska ta bi sau ɗaya, ya goge kumfar a bayan hannunsa. Abin da ya fi burge ni shi ne ya san fatarmu ba tasu ba ce. Su sukan bi fuska da aska sau biyu, na biyun a juye, har ta yi sumul. Mu in aka yi mana haka gashin yakan lanƙwashe ya koma cikin fata, bayan kwana biyu wuya ya cika da ƙuraje. Shi sau ɗaya yake bi, inda gashi ya kwanta, kuma tun kafin in yi magana ya faɗa. Ban ga ƙurji ko ɗaya ba bayan nan.

Tawul mai zafin nan dai yana da lokacinsa. A Istanbul, inda dusar ƙanƙara take sauka da sanyi, rahama ne. A Birnin Kebbi cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ka shigo kana zufa a naɗe maka fuska da tururi, wannan ba gata ba ne. Yana da wasu tawul ɗin a cikin kula da ƙanƙara, amma sai ka tambaya. Lokacin hunturu kuwa, da fuska take tsagewa, ba na jin akwai abin da ya kai shi daɗi a garin nan.

Wankin kai ma sai mutum ya shirya. Ba baya ake kwantar da kai ba, gaba za ka sunkuya ka tura kai cikin kwamin, ya sakar maka ruwa, ya cuɗe kan da sabulu, ya zarce da fuska, ya sa yatsu a kunnuwa ya juya. Rabon da wani ya wanke mini fuska tun ina hannun mahaifiyata. Kada ka je da babbar riga ko shadda mai sitaci, ruwa sai ya bi wuya.

Sannan aka zo kan abin da ya tara wa shagon suna. Ya ɗauko wata 'yar waya mai dunƙulen auduga a kai, ya tsoma a sifirit, ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi shuɗiya, tsawon yatsa. Ya kare mini gefen kai da tafin hannunsa na hagu, ya ce, "Baba, kak ka motsa." Sai ya shiga kaɗa wutar a kunnena yana ɗaukewa, fat, fat, fat, yana bin wurin da hannu. Ba ta zama a fata balle ta ƙona, ɗumi kawai za ka ji da 'yar ƙara ƙus-ƙus, sai ƙauri ya tashi kamar ana babbakar kan rago ranar Sallah. Gashin nan da ke tsirowa a kunnen mutum in shekaru sun fara ja, wanda kilifa ba ta kamawa, shi ake ƙonewa. Kafin ka gama salati an gama kunne biyu.

Akwai wani dattijo a kan benci yana jiran layi, da alama daga ƙauye ya shigo, ɗansa ya kawo shi a yi masa gata. Tun da aka kunna ashana ya daina motsi. Da ƙaurin ya kai masa sai ya laluba takalmansa, ya miƙe, ya ce, "Wanga ai ba aski na ba, babbaka ta. Tashi mu tahi, ni da raina ba a yi min." Ɗan yana ba shi haƙuri yana dariya, tsohon ko waiwaye bai yi ba. Mai shagon ya ce ba shi ne na farko ba.

Wanda ya kamata tsohon ya gudu dominsa ma bai gani ba, wato danƙo. Wani kaki ne ake narkawa, a dangwalo da tsinke mai auduga, a cusa maka a ƙofofin hanci, a bar ka zaune da tsinke biyu suna leƙowa har ya daskare. Kana cikin hira sai ya fizge. Turkawa suna yin wannan ko gezau, wasu ma suna cikin waya. Ni hawaye ne ya zubo mini ta ido ɗaya, ɗayan kuma ya ƙi rufuwa. Shawarata a bar shi. Gashin hanci ba banza aka halicce shi ba, balle a garin da ƙurar hunturu take rufe rana. A rage wanda ya leƙo da almakashi ya wadatar.

Tausa tana biyo baya, kafaɗa da hannuwa, ya ja yatsu ɗaya bayan ɗaya suna ƙara. Wannan da daɗi. Da ya kama haɓata da ƙeyata zai murɗa wuya, yadda wasunsu suke yi can, sai na riƙe hannunsa na ce, "Ɗana, tsaya nan. In ya goce sai an kai ni Aliero wajen masu ɗori." Ban ga dalilin da zai sa mai aski ya taɓa wuyan mutum ba, ko a Istanbul ba na yarda.

Daga ƙarshe ya tsiyaya mini kolonya a tafin hannu, ya shafa saura a wuya. Wani ruwan turare ne mai ƙamshin lemun tsami, mai sanyi da raɗaɗi, wanda Baturke ba ya rabuwa da shi. In ka ci abinci a gidan abinci za a zuba maka a hannu a bakin ƙofa, in ka je gaisuwar Sallah da shi za a tare ka, har a motocin safa masu dogon zango yaron mota yakan bi kujera-kujera yana tsiyaya wa fasinja. Yawancinsa sifirit ne, shi ya sa lokacin korona aka yi ta rububinsa. Nan garin wasu suna ƙin sa saboda salla. Malamai sun yi saɓani kan turare mai sifirit, ni kuma ba malami ba ne, amma yaron ya yi hankali, ya ajiye ruwan wardi ga wanda ba ya so, kuma yakan tambaya kafin ya zuba.

Shayi kyauta ne, kuma a nan ne na ji kamar an ɗauke ni an ajiye a Laleli. Butar hawa biyu ce, ta ƙasa ruwan zafi, ta sama ganye mai kauri, a haɗa maka daidai yadda kake so. Kofin ɗan ƙaramin gilashi ne mai siririn ƙugu, ba mariƙi, a kan ɗan faranti da sukari mai ƙwaya biyu. Ba madara, ba burodi, ba ƙwai. Wani yaro da ke kujerar kusa da ni ya leƙa kofin ya ce, "To ina shayin?"

Ba a taɓa ganin mutanen da shayi ya mallake kamar mazan Turkiyya ba. Su ne kan gaba a duniya wajen shansa, kowane mutum yana tashi da sama da kilo 3 na ganye a shekara, kuma a ƙasarsu suke nomawa, a Rize da ke bakin Baƙin Teku, inda aka kafa masana'antar shayi ta farko a 1947. A kasuwa ba a fara ciniki sai an sha. Ka shiga shago ka tambayi kuɗin yadi ɗaya, mai shagon zai ɗaga waya ko ya leƙa ƙofa ya yi kira, kafin ka zauna yaro ya iso da wani faranti mai rataya yana lilo da shi cikin cunkoso, ko ɗigo ba ya zuba. Ka shanye a kawo wani. Ka shiga shago na gaba a sake. In ka zaga shago goma kafin azahar, da dare idonka biyu har asuba. Maganin abin shi ne ka ɗora cokali a kwance a bakin kofin, alamar ka ƙoshi. In ba ka yi haka ba, ba za su daina ba. Mu da muke ganin Buzaye sun kai ƙarshe a shan shayi, ai su zagaye uku suke yi su kife buta.

Ga kuma gidajen shayinsu na maza zalla, inda tsofaffi suke wuni suna buga wani dara na katako mai 'yan ƙwayoyi, suna doka su da ƙarfi kamar ana faɗa. Kowa da carbi mai ƙwaya 33 a hannu. Da farko sai ka ce kai, waɗannan bayin Allah ba sa gajiya da zikiri. Sai ka matsa kusa ka ga ana wulwula shi a yatsa, a jefa sama a cafe, baki kuma yana zagin alƙalin wasan jiya. Akwai masu jan tasbihi da shi da gaske, amma da yawa abin wasan hannu ne, kuma suna gasar mai tsada. Taba kuwa ba a magana. Tun 2009 aka hana sha a cikin gidajen shayi da na abinci, sai suka kwaso kujeru suka dawo bakin ƙofa, ana sanyi ana ruwa suna nan a takure suna busawa. Alhamdu lillahi wannan ɗabi'ar yaron bai ɗauko ta ba, ba a shan taba a shagonsa.

Akwai dai wadda ya ɗauko, kuma ita ce za ta jawo masa rigima in bai yi hankali ba. Baturke in zai ce a'a ba ya buɗe baki. Haɓa yake ɗagawa sama, ya ɗage gira, ya yi tsaki guda. A wurinsu ba raini ba ne, yaro yana yi wa ubansa, ɗan kasuwa yana yi wa mai saye. Ina shan shayi wani magidanci ya leƙo ya ce, "Akwai wuri yanzu?" Yaron yana riƙe da aska, sai kawai ya ɗaga haɓa ya ja tsaki. Mutumin ya shigo ciki sosai, ya ce, "Kai yaro, wa kaka yi ma tsaki?" Sai da na sa baki na yi masa bayanin mutanen da yaron ya zauna da su, shi kuma ya ajiye aska ya rusuna ya ba da haƙuri, sannan aka rabu lafiya. Na ce masa, "Ɗana, wuta ka kawo mun karɓa, danƙo ma wasu za su jure, amma wannan ka mayar musu da abinsu."

A bangon shagon akwai babban hoton gadar Galata, da masu kamun kifi jere a kanta. Duk Bakaben da ya je Istanbul ya kamata ya je ya ga wannan da idonsa. Maza ne ɗaruruwa, kafaɗa da kafaɗa, tun asuba har dare, kowa da doguwar sandar ƙugiya mai tsada, da akwatin kayan aiki, da kujerar naɗewa, da mai shayi yana zagaya su. Ka ga shiri ka ce yau ruwa zai ƙare. Sai ka leƙa bokitin mutum ka tarar da 'yan kifaye masu tsawon yatsa guda bakwai suna iyo. Na taɓa nuna wa wani daga cikinsu hoton bikin Argungu a wayata, na gaya masa cewa a 2020 giwan ruwan da ya zo na ɗaya a Matan Fada kilo 78 ne, kuma da koma da gora aka kamo shi, ba da sanda ba. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini wayar, ya ɗaga haɓa ya yi tsaki. Wai bai yarda ba.

Talabijin ɗin shagon kullum ƙwallon Turkiyya yake nunawa, don mai shagon ɗan Galatasaray ne na a-mutu. Wannan ma ciwon can ne. Baturke kafin ya tambayi sunanka zai tambayi ƙasarka, da ka ce Nijeriya sai ya jefo sunan ɗan ƙwallo, kuma daga sunan za ka san shekarunsa da ƙungiyarsa. In ya ce Okocha ko Uche, dattijo ne ɗan Fenerbahce. In ya ce Amokachi, na Besiktas ne, yana tuna shekarun 1996 zuwa 1999. Yara kuwa tun da Osimhen ya je Galatasaray a 2024 ba su san kowa ba sai shi. Ni da ban damu da ƙwallo ba na koyi in duba launin ƙyallen da ke rataye a shago kafin in buɗe baki, domin yabon ɗan wasan da ba nasu ba yana iya ƙara maka kuɗin yadi. Matsalar a nan ita ce in ana wasa hankalin mai shagon yakan rabu biyu, ni kuma ba na son mai riƙe da aska a maƙogwarona ya ji an ci ƙwallo. Ranar da Galatasaray take wasa kada ka je.

Sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba kaɗan ne, amma akwai su. Na'urar sanyaya ɗakin ta yi wa wurin kaɗan, da mutum shida sun taru sai zufa. Yaransa biyu ba su kai shi hannu ba, ɗayan ma yana danna kilifa kamar yana jin haushin kan, saboda haka in gyaran fuska kake so ka jira maigidan ko da layi ya yi tsawo. Layin kuma ba shi da tsari. Kana zaune sai wani mai babbar mota ya turo direba, a ce ai tun jiya ya kama wuri ta waya. In za a yi haka a rubuta a allo kowa ya sani. Ganyen shayin ma ba kullum ne na Rize ba, in wanda aka kawo masa ya ƙare da na kanti yake haɗawa, kuma wanda ya san na ainihi zai gane tun daga launi. Abin yabo, da an kira salla yake ajiye aska, ko da kumfa a fuskarka sai dai ka wanke ku tafi tare.

Kuɗi: aski kawai naira 1,500, cikakken aiki da wanki da wuta da tausa da shayi naira 6,000. Yana karɓar tiransifa. A wannan zamanin da mudun shinkafa yake neman gagarar mai albashi a jihar da ake noma ta, ba abin da zan ce mutum ya riƙa yi duk mako ba ne. Amma ango, ko mai shirin Sallah, ko wanda matarsa ta fara yi masa zancen gashin kunne, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Ka ware awa ɗaya da rabi, domin ba ya sauri kuma ba ya son a sa shi sauri. Safiyar Talata ko Laraba ta fi, wurin ba kowa. Daren Alhamis da safiyar Juma'a kuwa har waje ake zama a kan benci, kuma in Sallah ta matso sai ka kama layi kwana biyu kafin ranar.